Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Tace Finafinai Ta Kano Da MOPPAN Kan Yaran Da Ake Sa Wa A Fim

Zuwa ga shugabannin Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, da shugabannin ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku. Ni malamin firamare ne a cikin birnin Kano, na haura shekara ashirin ina riƙe da alli. Yara biyu ne suka sa na ɗauki alƙalami. Ɗaya ya zauna a ajina, na san gidansu, na san mahaifiyarsa. Ɗayan ɗan ƙasar Indiya ne, ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma tun ranar da na karanta labarinsa nake ganin fuskar ɗalibina a cikinsa. Da na Indiyan zan fara, tunda shi da bakinsa ya ba 'yan jarida labarinsa.

Sunansa Shafiq Syed. An haife shi a 1976 a unguwar talakawa ta birnin Bangalo. Yana ƙarami ya gudu daga gida tare da abokansa suka nufi Bombay, birnin da yanzu ake kira Mumbai, don su ga ko abin da suke kallo a finafinai haka yake a zahiri. Duk wanda ya tashi a Kano yana jin labarin sinimar Plaza da Marhaba ya san irin jan da fim ɗin Indiya yake wa zuciyar yaro. Abin da suka tarar shi ne kwanan bakin titi a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Churchgate, da yunwa. A nan wata mata ta same su ta ce akwai wurin koyon wasan kwaikwayo, za a riƙa ba su rufi 20, wato kuɗin Indiya, a rana da abinci. Abokansa suka ɗauka damfara ce suka watse. Shi yunwa ta tsayar da shi. Daga wannan horon aka zaɓe shi ya zama jarumin fim ɗin Salaam Bombay na darakta Mira Nair, wanda ya fita a 1988. Ya fito a matsayin yaron mai shayi, yana yawo da kofuna lungu-lungu yana tara kuɗin komawa wajen uwarsa. Shekarunsa goma sha biyu.

Fim ɗin ya zaga duniya. Ya ci kyauta a bikin finafinai na Cannes a Faransa, ya shiga takarar Oska, babbar kyautar finafinai ta Amurka. A 1989 aka ba Shafiq lambar yabo ta ƙasa ta gwarzon yaro ɗan wasa, wadda babu sama da ita ga yaro a Indiya. Ya ce kwana 52 aka yi ana ɗaukar fim ɗin, aka yi masa alƙawarin rufi 15,000, kuma a lokacin murna kamar ta kashe shi, domin bai taɓa riƙe kwatankwacin kuɗin ba. Da aka gama biki aka kashe fitilu, sai ya koma titin da aka ɗauko shi. Ya ce kusan wata takwas ya yi yana bin ƙofofin furodusoshi ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ba shi aiki. Fim ɗaya ya ƙara yi a rayuwarsa, sannan ya tattara ya koma Bangalo. A 2009, shekarar da wani fim ɗin na yaran unguwannin talakawan Mumbai ya kwashe Oska takwas, 'yan jarida suka tuna da shi suka nemo shi. Suka same shi yana tuƙa keke mai ƙafa uku, irin adaidaita sahun nan namu, yana neman na cefane. Daga baya ya samu aikin ɗan taimako a wurin masu shirya wasannin talabijin.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Tuƙa adaidaita sahu sana'a ce ta halal, ƙanena ma da ita yake riƙe da iyalinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne an ɗaga yaro sama har duniya ta tafa masa, aka sake shi ba ilimi, ba jari, ba wanda zai tambaya ina ya kwana. Kuma waɗanda suka yi fim ɗin ba azzalumai ba ne. Daga ribar fim ɗin suka kafa gidauniyar Salaam Baalak mai kula da yaran titi, wadda har yau take aiki. Niyyarsu mai kyau ce, amma duk da haka jarumin fim ɗin da kansa ya sulale ta tsakanin yatsunsu. Wannan shi ya nuna mini cewa makomar yaro ba abin da za a bar wa kirkin darakta ba ne. Sai da ƙa'ida a rubuce, da wanda zai bi sawunta.

Yanzu bari in dawo gida. Shekaru goma sha da suka wuce, lokacin da kasuwar faifan CD take ci a Ƙofar Wambai, ina da wani ɗalibi a aji huɗu. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi na waɗanda suka yi aiki da shi ba. Yaro ne mai manyan idanu da saurin hadda, ka faɗi abu sau ɗaya ya riƙe. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa tana sayar da awara a ƙofar gida. Wani maƙwabcinsu mai kai-komo a ofisoshin 'yan fim na Titin Gidan Zu shi ya fara kai shi, aka sa shi a matsayin marayan da kishiyar uwa take gallaza wa. Ya yi kukan da ya sa matan unguwa kuka, daga nan duk mai neman maraya ko almajiri a fim sai ya aiko a ɗauke shi.

A aji na fara gane akwai matsala. Sai ya yi kwana uku, huɗu bai zo ba. Ranar da ya zo kuwa, kafin a gama darasin farko ya kifa kai a kan benci. Wata rana na tashe shi sai na ga ragowar baƙin gawayi a bayan kunnensa, wanda aka shafa masa jiya don ya yi kama da wahalalle, ko wanka bai samu yi ba. Na tambaye shi ƙarfe nawa ya dawo gida, ya ce an kusa kiran assalatu. Ranar Asabar na roƙi mahaifiyarsa ta bar ni in raka shi lokeshan. Muka isa ƙarfe goma na safe, wani gida ne a bayan gari. Ba a zo kan sin ɗinsa ba sai bayan Magariba, domin manyan jarumai suna sauri, nasu ake fara ɗauka. Yana zaune a kan bulo yini guda, abincinsa shinkafa da wake a leda. Da lokacinsa ya yi, hawaye suka ƙi zuwa, yaro ya gaji. Sai wani ya lakato man zafi ya goga masa a ƙasan ido. Sau biyar ana maimaitawa, mai fitowa a matsayin kishiyar uwa tana zabga masa mari, ana cewa bai yi ba, a sake. Da aka tashi, mai kula da shirin ya zaro 'yan canji ya ce ga kuɗin mota, sauran sai fim ya fita. Ba a rubuta komai ba, ba wanda ya sa hannu a kan komai. A hanyarmu ta dawowa ya yi barci a kafaɗata, idanunsa a kumbure.

Na yi wa mahaifiyar magana washegari. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, Malam, ɗan abin da yake kawowa da shi nake sayen waken suya. Ban iya ce mata komai ba, kuma har yau ban ga laifinta ba.

Shekara uku zuwa huɗu ya yi yana tashe. Sannan murya ta fashe, tsawo ya zo, ƙuraje suka feso a fuska. Ya wuce maraya, bai kai saurayi ba. Waya ta daina shigowa, an samu wani ƙaramin mai manyan idanu. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Karatu kuwa ya riga ya wuce shi, a aji biyu na ƙaramar sakandare ya ajiye, domin kunya yake ji a ce wanda ake gani a talabijin bai iya karanta sakin layi ba. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne sanin da aka yi masa. An kai shi koyon gyaran babur, abokan aiki suna kiransa da sunan da ya fito da shi a fim, suna cewa ya yi musu kukan nan su gani. Masu kawo gyara suna tambayarsa ina ya kai kuɗinsa. Ya bar garejin. Ya shiga cikin yaran da ke shan maganin tari a kango, ya yi shekaru a ciki, mahaifiyarsa ta rame ta ƙare. Allah ya taimaka ya fito, yanzu yana tsare wa wani shagon cajin waya. Finafinan da ya yi kuwa an ɗora wasunsu a YouTube, ana kallo, talla tana wucewa a kan fuskarsa ta ƙuruciya, ko sisi ba ya zuwa hannunsa.

Ranku ya daɗe, wannan ciwo ya girmi masana'antarmu, kuma waɗanda suka riga mu kamuwa sun nemi magani. A Amurka akwai Jackie Coogan, wanda aka haifa a 1914, ya yi suna a 1921 a fim tare da Charlie Chaplin tun zamanin fim marar magana. An ƙiyasta abin da ya samu yana yaro da dala miliyan 3 zuwa 4. Mahaifinsa ya mutu a hatsarin mota a 1935. Da ya cika shekara 21 ya nemi dukiyarsa, sai ya tarar mahaifiyarsa da mijin da ta aura sun cinye kusan duka, kuma dokar lokacin tana bayansu, domin abin da yaro ya samu na iyayensa ne. Ya kai ƙara a 1938, abin da ya tsira da shi dala 126,000. Abin ya girgiza jama'a har jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939 da ake kira da sunansa. Dokar ta farko tana da ɓaraka, shi ya sa bayan shekaru hamsin Gary Coleman, ɗan gajeren yaron nan baƙar fata mai ban dariya da ya yi tashe a talabijin daga 1978 zuwa 1986, shi ma ya maka iyayen riƙonsa da mai kula da harkokinsa a kotu a 1989. Ya ci shari'ar, amma a 1999 ya bayyana cewa ya talauce, ya yi aikin gadi, ya mutu a 2010 yana da shekara 42. Sai daga shekarar 2000 aka ɗaure dokar: kuɗin na yaron ne, kuma dole mai ba shi aiki ya zuba kashi 15 cikin ɗari a asusun da ba mai taɓawa sai yaron ya kai shekara 18.

Indiyar Shafiq ma ta farka. Ƙa'idojinta na 2017 sun ce sai furodusa ya samu izinin hukumar gunduma kafin ya sa yaro a fim, kada yaro ya yi aiki fiye da awa biyar a rana, kada ya wuce awa uku a jere ba hutu, kada karatunsa ya tsaya, kuma a ajiye masa aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kuɗinsa a banki da sunansa har ya girma. Faransa kuma a 2020 ta faɗaɗa irin wannan kariya ta haɗa da yaran da iyayensu ke neman kuɗi da bidiyonsu a intanet. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu nan ba mu rasa madogara ba. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, akwai dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, Jihar Kano kuma ta samu tata dokar kare yara a 2023. Kafin duk waɗannan muna da addini. Suratun Nisa'i ta umarci mai riƙon maraya ya tsare masa dukiya har ya yi hankali sannan ya miƙa masa a gaban shaidu, ta kuma yi gargaɗin cewa mai cin dukiyar maraya da zalunci wuta yake zuba wa cikinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Ɗalibina maraya ne a fim, maraya ne a gida. Guminsa ya bushe shekara goma sha, ladan bai zo ba.

Tun 2001 da aka kafa Hukumarku kuke duba suturar jaruma, kuke yanke rawar da ta wuce iyaka, kuke dakatar da shirin da ba a kawo muku ba. Ni ina cikin masu ganin amfanin hakan, ina da 'ya'ya mata. Amma tarbiyyar da kuke karewa ta yaron da ke gaban talabijin ce. Shi kuma yaron da ke cikin talabijin ɗin fa? Fim yana iya fitowa tsaf, ba kalmar batsa ko ɗaya, alhali an hana ɗan shekara tara barci da makaranta kafin a same shi. Roƙona shi ne duk fim ɗin da aka sa yaro a ciki, kada ku buga masa hatimi sai an haɗo da takarda guda: sunan yaron da shekarunsa, makarantarsa, sa hannun uba ko uwa ko waliyyi, kwana nawa ya yi, nawa aka yi ciniki, nawa aka biya. A cire wani kaso a zuba a asusun yara da sunansa, bankunanmu suna buɗe irin wannan asusun, rasidin ya zo tare da fim ɗin. A hana ɗaukar yaro bayan sallar Isha'i, a hana ɗaukarsa a lokacin makaranta sai da takardar shugaban makarantar, a fara ɗaukar sin ɗinsa a sallame shi, manya su jira. Mari da duka kuma akwai dabarun kyamara da ake nuna su ba tare da an taɓa jikin kowa ba, duk darakta ya sani.

Batun 'ya'ya mata ya fi wannan nauyi. Kada a bar yarinya a lokeshan ba tare da uwarta ko muharraminta ba, ko na awa ɗaya, balle a ce an yi tafiya da ita wani gari an kwana. Ku kuma tuna cewa yarinyar da aka sa a fim tana shekara takwas ba ta san me ake nufi da 'yar fim ba, amma ranar da dangin miji suka zo bincike za a tuna mata. Ita ba ta zaɓa ba, manya suka zaɓa mata. Ya kamata yaron da ya girma, mace ko namiji, ya samu ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya ce a sauke bidiyon ƙuruciyarsa daga intanet idan yana cutar da shi.

Na san abin da furodusoshi za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Za su ce kasuwa ta mutu, masu tura fim a waya sun gama da faifai, abin da YouTube ke bayarwa bai taka kara ya karya ba, manya ma kuka suke. Duk mun tuna 2022, lokacin da dattijuwa Ladin Cima ta faɗa a hirarta da BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa biyar ake sallamarta da su, wasu masu shirya fim suka fito suka ce sun biya ta fiye da haka. Aka yi ta cacar baki har aka gaji. Da akwai takarda da ba a yi wannan gardamar ba. To idan dattijuwar da ta shekara da shekaru a harkar, mai bakin magana, ta shiga wannan hali, ina ga yaron da ko lissafin canji bai gama iyawa ba? Ban ce a biya yaro miliyoyi ba. Na ce ko dubu biyar ce a rubuta ta, a biya ta, a ajiye masa dubu ɗaya a ciki. Wanda ba zai iya wannan ba, ya rubuta labarin da babu yaro.

Wasu iyayen kuma za su ce ɗa da dukiyarsa ai na mahaifinsa ne. Ba na jayayya da haƙƙin iyaye, kuma uwa irin ta ɗalibina tana da buƙatar da ba ta jira. Shi ya sa ban ce a riƙe duka ba. Ta karɓi kaso mafi tsoka ta sayi waken suyarta, a bar wa yaron abin da zai biya kuɗin jarrabawa ko ya sayi kayan aiki ranar da aka daina kiransa. Ina da yaƙinin da an yi mata wannan bayani a lokacin, da ita za ta fara sa hannu.

Ku kuma shugabannin MOPPAN, ku kuka san yaran nan da sunayensu da unguwanninsu. Ku aika a nemo waɗanda suka yi tashe shekaru goma, goma sha biyar baya, a ga halin da kowa yake ciki. Masana'antarku tana buƙatar masu riƙe kyamara, masu haɗa sauti, masu tace hoto a kwamfuta, masu fitila. Yaron da ya tashi a lokeshan ya fi kowa saurin koyon waɗannan, abin da ya rasa shi ne wanda zai ce masa zo ka zauna kusa da ni. Masu tashoshin YouTube da ke cin moriyar tsofaffin finafinai kuma a zauna da su a kan haƙƙin yaran da ke ciki.

Makon jiya na je cajin waya a shagon da ɗalibina yake. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya ƙi karɓar kuɗina. Ya ce yana so ya shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma, ya ɗauko fom daga ƙarƙashin teburi ya ce in taya shi cikewa, kada ya ɓata. Na faɗa masa zan rubuto muku wannan takarda, na tambaye shi ko ya yarda in ba da labarinsa. Ya ce in bayar, amma in ɓoye sunan saboda mahaifiyarsa. Ya kuma ce idan kun kira zama a kan maganar, zai zo ya zauna a gabanku ya lissafa muku finafinan da ya yi da abin da aka ba shi a kowanne, domin bai manta ko ɗaya ba. Ni ma zan rako shi.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin firamare,
Birnin Kano.